Wata Uku Ina Cewa Da Sauƙi

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da ƙafafuna suka ƙi ɗaukata a gonata ta Kutama.

Da bazara ciwon baya ya kama ni, wajen ɗaga buhun taki. Ƙanena ya matsa, na fara zuwa asibiti a Gwarzo wurin wata likitar gashin ƙashi, sa'ar 'yata. Duk zuwa sai ta ce, "Baba, ya jikin?" Ni kuwa in ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." To me zan ce? Mu haka muka taso, cewa jiki ya ƙi kamar raina ni'imar Allah ne, ga shi baiwar Allah tana ta wahala da ni. Wata uku ina faɗa tana rubutawa, alhali ƙafar hagu sai mutuwa take yi, har na koma yin salla a zaune, a ɗaki, don kada a gani.

Ran nan da hantsi na sunkuya zan cire ciyawa, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙugu. Na zube. Na yunƙura, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Na mintsini cinyata, ban ji komai ba. Da na ga wandona ya jiƙe ban ma san sanda fitsarin ya zubo ba, sai tsoro ya rufe ni. Ina kwance cikin dawa ina kuka, ni da nake da jikoki, ina tunanin shi ke nan, sai dai a riƙa juya ni a kan tabarma. Wani makiyayi ne ya ji kirana ya nemo mutane.

A asibiti likitar ba ta tambayi jiki ba. Cewa ta yi, "Baba, yaushe rabonka da ruku'u?"

"Wata biyu."

"Daga gida zuwa gona, sau nawa kake tsayawa hutawa?"

"Uku. Da can sau ɗaya."

Ta ajiye biro. "Da wannan ka gaya mini, da tuni na tura ka Kano."

A Kano aka yi mini aiki. Ƙafar dama ta dawo, ta hagu kuwa har yau janta nake yi. A nan na gane godiyar Allah daban, gaya wa likita gaskiya daban. Kawaicin da na ɗauka ladabi ne, shi ya raba ni da fartanya.