Dung da Ƙararrawa ta Shida

Dung mutumin Bukuru ne, shekara ashirin yana tuƙa bas a Woolwich, can ƙasar Turawa. Lokacin da yake gida Bukuru shi ke buga ƙarfen kiran sujada, wani tsohon wilin mota da aka rataye a bishiyar mangwaro. Shi ya sa da ƙungiyar masu kaɗa ƙararrawa ta cocinsu na Woolwich ta nemi ƙarin mutum ɗaya, ya ɗauka aikin da ya sani ne.

Ashe manyan ƙararrawa ne a jere, kowa da tasa, ana jan igiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko igiyar ta fizge, ta sale masa tafin hannu. Shugabar ƙungiyar, wata tsohuwar Baturiya mai suna Maureen, ta ce, "Ba ƙarfi take so ba. Saurari na gabanka, sannan ka ja."

Wata goma sha huɗu ya yi yana koyo duk ranar Talata, kafin a ba shi ƙararrawa ta shida a wani ɗaurin aure. Takardar labaran coci ta ambace shi a layi ɗaya, amma "Doug" aka rubuta maimakon Dung.

Matarsa Lovelyn ta ce, "Baban Israel, ka sa su gyara mana."

Ya ce to. Bai taɓa yi musu maganar ba.