Sakatar da Ba Ta da Sifirin

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ƙera wata sakata a rumfata ta walda a Bagadaza. Ta ƙyauren bayan a-kori-kura ce. Da an tura ƙyauren, sai harshenta ya faɗa rami da nauyin kansa, duk gargadar hanya ba ta buɗe shi. Direbobin da ke lodin wake da masara a Kasuwar Gombe su suka yi mini talla.

Wata Laraba sai ga wani mai sayar da kayan mota da takarda mai hatimi daga Abuja. Wai ya yi rajistar sakatar, tasa ce, in daina. A gaban direbobi ya kira ni ɓarawon fasaha. Ni kuwa ga zuciya irin ta kuturu, saura ƙiris in ɗauki guduma. Ba na jin Turancin takardar, masu saye kuma suka fara ja da baya, kowa na gudun rigima.

Matata ce ta tura ni Herwagana, wurin wata dattijuwa 'yar Tangale da ta yi ritaya daga aikin kotu. Na tarar ta dawo daga coci. Ko gaisuwa ban gama ba na fara zuba, ni na riga shi, kowa shaida ne.

"Ɗana, ajiye zancen wa ya riga tukuna," in ji ta. "Mu ga me ya ce nasa ne."

Ta sa tabarau, ta tsallake zane-zanen da suka firgita ni, ta tafi shafin ƙarshe. Layi huɗu ta yi ta bi da yatsa tana fassara mini. Sannan ta sa na sayo irin tasa, na kwance su biyun a kan tabarma.

Ta nuna takardar ta ce, "Nan ya rubuta sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan mai dannuwa, shi ke tura harshen. Ina sifirin a taka?"

"Babu, Mama. Tsatsa ke cinye shi da damina, shi ya sa na ƙi shi."

"To iyakar gonarsa ke nan. Abin da ya rubuta shi ya shinge, ba abin da ransa ke so ba."

Na miƙe da murna, na ce gobe ni zan hana shi tasa, tunda na riga shi. Ta harare ni ta saman tabarau.

"Zauna. Dabarar sifirin tasa ce, ba ka taɓa yin ta ba. Kai ma kada ka ci iyaka."

Raina ya sosu, amma na zauna. Ta rubuta masa amsa da hannunta, na kai.

Ashe shi ma wurinta ya nufa da amsar, ko zai ji wata fassara dabam. Abin da ta gaya mini, shi ta gaya masa. Bayan kwana uku ya zo rumfata, direbobi na zaune, ya ce, "Malam, ka yafe mini ɓarawon da na kira ka."

Mama ta rasu bara. Ina gode mata da ta wanke mini suna. Amma na fi gode mata da ta zaunar da ni, don da ta ƙyale ni, da ni ne zan je neman gafarar.