Aiken Ruwan Zafi

Shekara goma sha tara Sista ta yi a ɗakin masu ciwon zuciya. Ba ta da faɗa, hararta kaɗai ta ishi mutum. Da aka ɗora mata binciken abin da ke kawo matasa asibiti zuciya na dukan uku-uku, watan farko a tutar babu ta tashi. Duk wanda ta tambaya ko yana shan ƙwaya, sai ya saci kallon uwarsa, ya rantse ko sigari bai taɓa riƙewa ba.

Sai ta sake dabara. Takan miƙa wa uwar yaron fulas, ta ce a samo ruwan zafi can ƙarshen baranda. Kafin a dawo, gaskiya ta fito. Cikin mutum arba'in, ashirin da shida suka amsa. Lamba take rubutawa, ban da suna. Ta sha ba Innarta labarin dabarar nan a gida, suna dariya.

Ran nan da hantsi aka turo gado. Autansu ne a kai, direban babbar mota, ya jiƙe sharkaf da gumi, Inna na biye da takalmi ɗaya. Na'ura ta nuna bugu ɗari da saba'in.

Likita ya zuƙi allura, ya tsaya. "Sista, sai na san abin da ya sha. In ƙwaya ce, wannan za ta iya ƙarasa shi."

Ta sunkuya. "Auta, me ka sha?"

Ya saci kallon Inna. "Shayi ne kawai, Yaya."

Ta san kallon nan. Ta ɗauko fulas, ta miƙa wa Inna.

Inna ta ƙura wa fulas ɗin ido. "Ni za ki aika ruwan zafi?"

"Inna, don Allah."

Na'ura na ta ƙara. Inna ta karɓa, ta dubi ɗanta. "Ƙafata ba ta da sauri, zan daɗe."

Tana fita ya fashe da kuka. "Guda huɗu ne. Don kada barci ya sace ni a hanya."

Likita ya ajiye allurar, ya nemi wata. A hankali bugun ya soma sauka. Sista ta buɗe littafinta, ta rubuta arba'in da ɗaya, da kyar ta ga layin.

Sai bayan azahar Inna ta dawo. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta zauna ta riƙe ƙafar autanta. Sista ta ɗaga fulas ɗin, ta ji babu ko ɗigo a ciki.