Ɗigon Jan Farce a Kan Inji

Mai faci ya bar tayar da ke gabansa, yana kallon baƙon da ya shigo garejin maƙwabcinsa. Dogo ne, riga ta sha guga, makullin mota rataye a wuya kamar laya. Yana gaya wa makaniki cewa tun da aka sa wa motar inji mai turbo, in ya taka wuta sai ta shaƙe, ta hau baƙin hayaƙi.

Ana ɗaga bonet, mai faci ya hango jan ɗigo a kan kowane noti da kowace waya. Jan farce ne, ga kwalbar ma tana leƙowa daga aljihun mutumin. Wato kada a musanya masa kaya ke nan. Mai faci ya ce a ransa, wannan ko an taɓa cutarsa, ko shi ya saba cutar mutane.

Makaniki ya kasa kunne, ya bi hucin iska da hannu, ya taɓo wani tiyo da ya yi sako-sako.

"Yallaɓai, wa ya taɓa wannan?"

"Ni na zare shi na ɗiga alama a ciki. Ai na mayar."

Makaniki ya tura tiyon ya ɗaure tamau. Inji ya daina tari, ya kama aiki sumul.

Baƙon ko murmushi. Ya sunkuya ya ƙirga ɗigonsa kaf, sannan ya ɗago ya kafe makaniki da ido.

"Malam, duk tiyon da ke motar nan, yaya aka yi hannunka ya tafi kan wannan kai tsaye?"