Tsarabar Baffa daga Kano

Babana yana da ciwon fuka tun ina ƙarama, kuma ɗan bututun shaƙarsa ba ya barin aljihunsa. Idan ƙirji ya ɗaure, ya fesa, ya jingina da bango, numfashi ya dawo. Ranar da nake ba da labari, ya fesa, ya sake fesawa, ko gezau.

Na zo hutu Matamaye ke nan daga Yamai, inda nake karatun haɗa magunguna. Bayan azahar ce, Inna na tankaɗe, sai muka ji ƙirjin Baba na fito kamar tsohuwar buta a kan wuta. Leɓensa ya soma yin duhu.

"Baba, me ka sha yau?"

Bai iya magana ba, sai ya nuna ƙarƙashin tabarma. Na ɗaga, na ga wasu ƙwayoyi a leda. Da na karanta sunan, sai na tambayi inda ya samo su.

Inna ta ce, "Tsarabar Baffanki ce. Babanki ya ce masa zuciyarsa na bugawa in ya shaƙi abin nan, shi ne ya ɗibar masa cikin nasa na hawan jini."

Baffa yayan Baba ne, kowane rani yana Kano. A gidanmu magani kamar goro ne, wanda ya ji daɗinsa sai ya miƙa wa ɗan'uwa. Kuma wane ƙane ne zai ce wa yayansa a'a?

Abin haushin, na san abin da ke faruwa a ƙirjin nan. A jikin ƙwayoyin halittar hanyar numfashi akwai wasu 'yan ƙofofi masu karɓar saƙo, kullum cikin motsi suke, suna sauya siffa. Abin da ya zauna a bakinsu shi ke zaɓar siffar da za su tsaya a kai. Maganin shaƙa in ya zauna, ƙofar ta karkata ta ciki, saƙo ya wuce, hanyar iska ta saki. Ƙwayar Baffa kuwa a wannan gurbin take zama, ta ƙame ƙofar, ta hana ɗayan wuri. Na zana wannan a allo na ci jarrabawa, ga shi yau yana shaƙe min uba.

"Ku daina yi masa fifita, ku nemo mota!" Ihu na yi wa uwata, ban ma sani ba.

A hanya ina riƙe da kansa, ledar na damƙe a hannuna. Tsoro nake ji, ina kuma tafasa. Na shirya wa Baffa maganganun da ba a faɗa wa babba.

A gidan likita na miƙa ledar. Suka sa masa iska, suka ba shi wani maganin da ke bi ta wata ƙofar daban. Muka tsaya muna kallon ƙirjinsa, Inna na ta salati. Sai wajen la'asar fiton ya lafa.

Baffa ya iso a guje, takalmi ɗaya a ƙafa, ya tsaya bakin ƙofa. Na miƙe, bakina cike. Baba bai gan shi ba. Ya kamo gefen zanena, ya jawo ni, da ɗan numfashin da ya samu ya ce, "Kar ki gaya wa Yaya maganinsa ne."

Baffa ya ji. Ya zauna a ƙasa wurin, ya cire hularsa.