Kwana Arba'in na Bidi a Turke

Maikano mai bin sawu ne a Tajaye. In saniya ta ɓata ko raƙumi ya yi nisan kiwo, shi ake kira, ya hau dokinsa Bidi ya bi. Matarsa Barira ta ce tun aurensu bai taɓa cinye tuwo a zaune ba.

Na san shi a 1987, shekarar da na dawo daga karatun likitan dabbobi a Dakar aka tura ni Illela. Ya jawo Bidi har buro, wato ofishina. Ƙafar baya ta hagu kan sandare da safe, dokin ya yi ta jan kofato a ƙasa kafin ta saki. An yi masa lalas da ƙarfe mai zafi sau biyu, ba ta daina ba.

Na ce jijiya ce take maƙalewa a gwiwa, zan yanke ta.

"Ka yanke jijiya, Likita? To da mi za shi tahiya?"

"Za ta sake haɗewa, Baba, da ɗan tsawo. Amma sai ya yi kwana arba'in a turke. In ka hau shi kafin nan, ka rasa ƙafar."

Aikin bai kai dahuwar shayi ba. Jiran ne ya zama ciwo. Duk zuwan da na yi Tajaye sai in tarar da Maikano yana zagaye turke, ya ƙara harawa, ya latsa kumburin, ya leƙa hanya, ya dawo ya sake latsawa.

"Doki na jinya, mai doki na hauka," in ji Barira.

A kwana na ashirin da biyu shanun wani makiyayi, Alkasum, suka ɓace. Da labari ya iske ni na hau babur, ina da tabbacin zan tarar da turke babu kowa. Bidi yana nan yana cin dusa.

"Ina Baba?" na tambayi Barira.

"Ya tahi a ƙasa. Da kainai ya ba ni sirdi, ya ce in ɓoye inda bai sani ba, ko ya roƙe ni kar in hiddo."

"Ya roƙa?"

"Sau ukku. Har da zagi."

Kwana huɗu ya yi. Ya dawo da shanu bakwai cikin tara, tafin ƙafarsa duk ya tsage. Na wanke masa da maganin da nake wanke wa Bidi.

Ranar arba'in na taɓa gwiwar. Wurin yankan ya yi kauri, ya yi tauri, babu zafi. Na ce a fara da tafiya a hankali, iyakar rijiya. Barira ta ciro sirdi daga rumbun maƙwabta. Maikano ya hau, na tsaya ina kallon ƙafar hagu tana lanƙwasa daidai da 'yar'uwarta. Suka kai rijiya, suka wuce. Saura shanu biyu na Alkasum.