Waƙar Jiran Layi

Ni dai ban so Baba ya zaunar da ni in riƙe masa waya ba, wai na fi shi Turanci. Takardar aikinsa ta kusa ƙarewa, ofishin kuma kiɗa kawai suke sa mana. Da wata tsohuwar waƙar soul ta shigo, sai ya gyara zama. Ita yake ji a rediyo a Damagaram, har ya sayar da babur ɗinsa ya taho Gaithersburg. Ya ce baƙaƙen nan sun rera ta suna neman 'yanci.

Na ce, "Baba, waƙar 'yanci ta koma ta jiran layi. Ta yaudare ka."

Ya ce, "Yaudarar ce ta ba ka fasfon da ke aljihunka. Riƙe waya."